Oga Orijinal da Manhajar da Ba Ta da Kwali

A duk faɗin Abuja, daga Maitama har Gwagwalada, in za a lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar sanin kwamfuta, to a fara da Injiniya Abdulmajeed Sale, a ɗan tsaya a sha ruwa, sannan a nemi na biyu. Shi da bakinsa ya sha faɗa mana haka, kuma babban mutum irinsa ai ba zai yi wa kansa ƙarya ba.

Shi ne shugaban Sashen Fasahar Zamani a Hukumar Ƙidayar Rijiyoyin Burtsatse, inda muke neman abinci. Aikin hukumarmu ba wuya: mu san rijiya nawa aka haƙa a ƙasar nan, nawa ke ba da ruwa, nawa kuma ke ba da haƙuri. Duk wannan ƙidaya tana cikin kwamfutoci arba'in, kwamfutocin kuma suna ƙarƙashin inuwar Injiniya.

Iliminsa ya kai matsayin da ba ya buƙatar taɓa na'ura. Wannan aikin yara ne. In saƙon imel ya zo, sakatariyarsa ce za ta buga shi a takarda, ta sa a fayil, ta kai masa. Sai ya gyara zaman tabarau, ya zaro koren biro, ya rubuta "An gani" a gefe, ya sa hannu. Daga nan a ɗauki hoton takardar a mayar wa mai saƙo. Akwai kwamfuta a teburinsa, ƙatuwa, baƙa, sai sheƙi take yi. A kanta yake ɗora hularsa in zafi ya dame shi.

Abin da ya fi shahara da shi kuwa shi ne ƙaunar kaya na asali. Kwat ɗinsa har yau da tambarin kamfani a bakin hannu, kada wani ya zaci gwanjo ce. Kujerarsa ta shekara uku a cikin ledarta, in ya motsa sai ka ji kamar ana buɗe burodi. Komai aka kawo masa tambayar farko ita ce, "Orijinal ne?" Biro, batir, ruwan roba, duk sai sun amsa wannan tambaya. Ranar da wata ma'aikaciya ta kawo masa jaririnta ya sa albarka, mun ga bakinsa ya fara motsi, Allah dai ya rufa asiri ya haɗiye. Shi ya sa muka raɗa masa Oga Orijinal. Da labari ya kai kunnensa mun ɗauka za a yi tashin hankali, sai ga shi ya sa an rubuta sunan a bayan motarsa.

Sai dai akwai abu guda da ke ci wa bawan Allahn nan rai. Oga ba cikakken darakta ba ne. Riƙon ƙwarya yake yi, yau shekara uku da wata biyu. A allon ƙofarsa an rubuta Darakta da manyan haruffa, amma a gaban kalmar akwai wasu 'yan haruffa biyu na Turanci masu tona cewa kujerar aro ce. Ya rataya kalanda a kansu. In zai miƙa maka katinsa, babban yatsansa ya san daidai inda zai danne. In wani baƙo ya yi kuskuren ce masa "mai riƙo", to ranar ko gaisuwarmu ba ya amsawa.

Ana nan sai aka naɗa mana sabuwar shugabar hukuma, Hajiya Nazeefa, mace mai ƙaramar murya da yawan rubutu a ɗan littafinta. Ta ce ranar Alhamis ta ƙarshen wata mai zuwa kowane sashe zai nuna mata aikinsa, kuma a ranar za ta yanke hukunci a kan masu riƙo. Wanda ya gamsar da ita a tabbatar da shi, wanda bai gamsar ba ya koma kujerarsa ta da. Kujerar Oga ta da kuwa tana cikin wani ofis mai mutum huɗu da fanka ɗaya, fankar ma ba ta juyawa ta wajensa. Kun ga ke nan maganar ba ta wasa ba ce.

Shirin wannan rana ne ya sauko da Oga daga hawa na uku, ya zagaya ofisoshinmu karo na farko cikin shekara biyu. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. Kowa yana aiki. Babu kwamfutar da ta sandare, babu mai dukan tebur, babu wanda ya tare shi da ƙorafi. Shi kuwa a iya saninsa, sashen da ba ya kai wa shugaba matsala, to akwai abin da yake ɓoyewa.

Yana komawa ofis ya sa aka kira Felicity Thaddeus, mai kula da na'urorinmu. 'Yar Filato ce, gajeruwa, kullum da jaka cike da wayoyi. Daga Karmo take shigowa, mota biyu take hawa, amma tana rigan kowa zuwa.

"Wannan abin da na gani a fuskar kwamfutocin gwamnati, mene ne shi?" in ji Oga.

"Manhaja ne, Oga. Lasisin tsohon ya ƙare tun shekara biyu. Na rubuta maka memo sau uku."

"Na gani?"

"Ka rubuta 'An gani', sir. Da na ji shiru shi ne na sa mana buɗaɗɗen manhaja. Kyauta ne, kuma doka ya yarda. Kowa zai iya saukewa, ya buɗe cikinsa ya ga yadda aka yi shi, ya gyara abin da bai masa ba, ya ba maƙwabcinsa. Kamar mota ne da za ka iya buɗe bonet. Na kamfani kuwa sun yi wa bonet walda, in ya lalace sai ka jira su."

Oga ya jingina a hankali, leda ta yi ƙara.

"Waye mai ita?"

"Ba shi da mai shi, Oga. Na kowa ne. Mutane dubbai ne suka haɗu suka rubuta, daga ƙasashe daban-daban."

"Wa ya ba su kwangila?"

"Ba kowa."

"Ina kwalinta?"

"Ba shi da kwali."

"Rasit?"

"Babu, sir."

Oga ya cire tabarau ya ajiye. Mu da muke laɓe a bakin ƙofa muka san jawabi ya taho.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wato shekara biyu ana ƙidaya rijiyoyin Tarayyar Najeriya da kayan tsintuwa. Abin da ba shi da uba, ba shi da kwali, ba wanda ya ci kwangilarsa, ba a yanke masa ƙyalle ba. Ke, kin san ko ni waye? Ni ne na halarci taron bita a Dubai har sau biyu, kuma duka biyun an ba ni jaka. With due respect, ba a karɓar sadaka a sashena. Abin da kowane ɗan talaka zai iya buɗe cikinsa ya leƙa, ina mutuncinsa yake? A mayar wa masu ita kayansu yau ɗin nan, a haɗa da takardar ban haƙuri."

Felicity ta tambayi adireshin da za a kai. Oga ya ce wannan matsalarta ce. Bayan an shafe awa guda ana shawara, aka tsaya a kan cewa a tattara manhajar a kai ta sito, a ajiye har masu ita su zo nema. Felicity ta kwafe ta a ɗan filash, abin adana bayanan nan da bai kai ɗan yatsa ba. Ta haɗa har da duk ƙidayar rijiyoyinmu, domin ita mace ce da ta san irin wurin da take aiki.

Mai sitonmu shi ne Baba Zacharias. Shekararsa talatin da huɗu a aikin gwamnati, saura 'yan watanni ya yi ritaya, kuma ko tsintsiya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Dokarsa ɗaya ce: abin da ba a rubuta wa lamba da farin fenti ba, ba kayan gwamnati ba ne, wanda aka rubuta wa kuwa ba ya fita sai da takarda. Ya juya filash ɗin gaba da baya, ya ce lambar hukuma haruffa goma sha tara ce, ba za ta shiga ba. Sai ya samo wani guntun katako, ya ɗaure filash ɗin a jikinsa da igiya, ya rubuta lambar a kan katakon. Oga kuma ya rubuta umarni da hannunsa: "Kayan tsintuwa. An haramta fitar da shi, sai da izinin mai muƙamin da ya sa hannu a ƙasa." Ya sa hannu, ya rubuta Darakta. 'Yan haruffan nan biyu na riƙo, biron bai ga damar rubuta su ba.

A hukumarmu neman bokitin shara yana ɗaukar wata uku. Amma cikin kwana tara aka sayo sabuwar manhaja daga wani kamfani na ƙasar waje. Kwalinta ya iso a bayan mota, ƙato kamar na firji, da ruwan zinare a gefe. Mutum biyu suka ɗauko shi, suka ji ba nauyi, amma suka yi ta nishi don girmamawa. Nan take muka sa mata suna Gimbiya. Da aka buɗe aka tarar da kwali a cikin kwali, sannan soso, sannan wani kwalin, can ƙasa kuma ɗan kati guda mai lambobi da haruffa ashirin da biyar. Shi ne makullin. Duk kwamfutar da aka shigar wa waɗannan lambobi Gimbiya za ta buɗe a cikinta, kuma kamfani ya amince da kwamfuta arba'in kacal.

Gimbiya kuwa ta amsa sunanta. Da safe sai ta yi minti ashirin tana shiri kafin ta fito. Kana tsakiyar aiki za ta ce tana so ta sabunta kanta, ta tafi ba sallama. Duk abin da ka rubuta a cikinta ita kaɗai ke iya buɗe shi. Da muka kai kuka, Oga ya ce haka manya suke, mu ne ba mu saba zama da su ba.

Sai maganar ƙaddamarwa. A Abuja abin da ba a kafa masa rumfa ba bai faru ba, Oga kuma ya fi kowa sanin haka. Aka yi hayar kujeru, aka kira 'yan jarida, aka yi odar shinkafa a roba. Saura kwana biyu biki wata damuwa ta kama shi. Katin ya yi ƙanƙanta, kyamara ba za ta ɗauke shi ba. To yaya duniya za ta san tamu orijinal ce? Nan ya ba da umarni a buga ƙatuwar fasta irin ta 'yan siyasa, ƙafa goma sha biyu, a kwafe lambobin katin duka da manyan baƙi, shi kuma a sa hotonsa a gefe yana nuna su da yatsa.

Felicity ta hau sama da gudu.

"Oga, wannan lambobi sirri ne. Kamar makullin gida ne, ba a nuna wa mutane."

"Ɓarawo ne ke ɓoye kayansa," in ji Oga. "Mu da muka saya ta hanyar doka, da rasit, da kwali, me za mu ɓoye? Kin saba da kayan da ba a iya nunawa, shi ya sa ɓoye-ɓoye ya shiga jikinki. Wannan shi ake kira transparency. Je ki duba ma'anarsa."

Ta koma ta rubuta memo. Ya dawo mata da "An gani".

Biki ya yi biki. Aka ɗaura wa kwalin jan ƙyalle, Oga ya yanke shi da almakashin da aka saya musamman, ya yi jawabin minti hamsin. Ya ce daga yau rijiyoyin ƙasar nan sun shiga sahun rijiyoyin duniya. Ya ce tarihi zai raba aikin hukumar gida biyu, kafinsa da bayansa. Muka yi tafi sosai, domin an ce sai an gama jawabi za a raba shinkafa. Da aka tashi ya sa aka rataye fastar a jikin katangarmu, ta wajen babban titi, daidai inda motocin Karmo da Jiwa ke sauke fasinja.

"A bar ta sati biyu," in ji shi, "talakawa su ma su amfana."

Wallahi kuwa sun amfana. Tun daga washegari ka leƙa ta taga sai ka ga mutane sun tsaya suna ɗaukar hoto. Masu shagunan buga takardu na Wuse, masu gyaran kwamfuta na Nyanya, ɗalibai, har da wani fasto da wani liman da suka sauko daga mota ɗaya. Oga yana tsaye a tagarsa ta hawa na uku yana kallo, zuciyarsa fari fat. A rana ɗaya ya ƙirga mutum sittin da suka ɗauki hoton fuskarsa. Har ya fara ɗaga musu hannu. Wani mutum mai ladabi ya zo wajen mai gadi ya ce reshen bishiya ya rufe haruffa uku na ƙarshe, ko za a taimaka. Da maganar ta kai sama, Oga ya ce jama'a suna da haƙƙin ganin shugabanninsu sosai, ya sa aka sare reshen.

Ranar Alhamis ta zo. Ƙarfe goma sha ɗaya Hajiya Nazeefa za ta zauna a ɗakin taro. Oga ya shigo tun takwas, cikin sabuwar kwat, da ƙamshin turare tun daga matakala. Takwas da rabi muka kunna kwamfutoci, muka zauna jiran Gimbiya ta gama shiri kamar kullum. Ba ta fito ba. Sai fuskar kowace kwamfuta ta koma ja, da wani dogon rubutu na Turanci a tsakiya.

Felicity ta karanta wa Oga. Kamfani ya ce makullin da ya bayar don kwamfuta arba'in an buɗe kwamfuta dubu goma sha ɗaya da ɗoriya da shi, har da wasu a Kamaru da Nijar. Saboda haka an rufe shi har a gama bincike, kwanakin aiki ashirin da ɗaya. Rahoton da za a nuna wa Hajiya yana cikin Gimbiya, kuma ba mai iya buɗe shi sai ita.

"Ba su san ko ni waye ba," in ji Oga. "A kira min su."

Aka kira. Wata murya ta mace ta ɗauka da Turanci, ta ce a danna ɗaya. Oga ya miƙe tsaye, ya gyara kwat, ya gabatar da kansa: sunansa, digirinsa, ƙungiyoyi huɗu da yake mamba, da tafiya Dubai sau biyu. Muryar ta sake cewa a danna ɗaya. Ya ce ta ba shi manajanta. Felicity ta raɗa masa cewa na'ura ce ke magana. Ya ce ko na'ura ce ai tana da na gaba da ita. Da aka danna ɗaya sai kiɗa ya taso, can muryar ta dawo ta yi masa albishir cewa shi ne na sittin da uku a layi.

Ƙarfe goma ta buga yana na hamsin da takwas a layi. Gumi ya jiƙa wuyan sabuwar riga. Ya zauna a kujerar wani ƙaramin ma'aikaci ba tare da ya tambaya ko orijinal ce ba, ya ƙura wa bango ido, kuma mun san abin da yake gani: ofishin nan mai mutum huɗu da fanka ɗaya. Ni dai ba zan ɓoye muku ba, a nan na ji tausayinsa.

"Oga," in ji Felicity a hankali, "filash yana sito. In aka ba ni, minti talatin zan tayar da kwamfuta ɗaya. Duk ƙidayar yana ciki, kuma rijiya bai ƙaru ba tun lokacin."

Oga ya dubi agogo. Can ya miƙe, ya sauka sito da ƙafarsa, mu kuma muka bi bayansa kamar mutum goma sha biyu, har da masu shara.

Baba Zacharias ya yi masa barka da zuwa, ya ɗauko fayil, ya lashi yatsa, ya nemo takardar umarnin, ya karanta ta tun daga kwanan wata.

"Ranka ya daɗe, takardar nan Darakta ne ya sa mata hannu."

"Ni ne. Fito min da shi, Baba, lokaci na tafiya."

"A'a, yallaɓai. A littafina kai mai riƙo ne. Mai riƙo kuwa ba ya warware umarnin Darakta."

"To wane Daraktan ne ya sa hannun, in ba ni ba?"

"Abin da ni ma nake ta mamaki ke nan tun ranar," in ji Baba Zacharias. "Ni dai saura kaɗan in tafi gida, ba zan ɓata takarduna ba. Ko dai mu jira a naɗa cikakken darakta ya zo ya warware, ko kuma in kuskure aka yi wajen rubuta muƙamin, wanda ya yi kuskuren ya gyara da hannunsa."

Goma da minti ashirin. Oga ya dube mu, mu kuma kowa ya sami abin kallo a silin. Ya zaro koren biro, ya ƙara 'yan haruffan nan biyu a gaban Darakta. Baba Zacharias ya ce a sa hannu a gefen gyaran, da kwanan wata, kofi uku. Aka yi. Sannan ya ce idonsa ya yi rauni, yallaɓai ya taimaka ya karanta masa abin da ya ƙara, don ya shigar a littafi daidai.

"Mai riƙon ƙwarya," in ji Oga.

"Na'am, ranka ya daɗe?"

"Mai riƙon ƙwarya."

Baba Zacharias ya rubuta a nutse, ya busa tawada, ya miƙa wa Felicity katakon. Ya ce ba a kwance igiyar, lambar tana jikin katako.

Haka aka shiga ɗakin taro. Goma sha ɗaya da minti biyar Hajiya Nazeefa ta zauna, ga kwamfuta a kan tebur, ga guntun katako yana lilo a gefenta. Felicity ta danna, rahoto ya fito a bango nan take: jiha-jiha, rijiya-rijiya, masu ruwa da marasa ruwa. Duk abin da Hajiya ta tambaya, kafin ta rufe baki amsa ta fito. Oga yana tsaye da sandar nuni, yana nuna duk inda ya ga launi ya fi yawa.

Da aka gama Hajiya ta dubi katakon, ta tambayi wace manhaja ce wannan. Felicity ta faɗa mata. Sai fuskar Hajiya ta washe. Ta ce a inda ta baro da irinta suke aiki, kuma tun zuwanta take neman wanda ya fahimci amfaninta a hukumar nan.

A nan ne muka ga abin da ya sa wasu ke zama manya, mu kuma muke nan inda muke. Mutumin da gumi bai gama bushewa a wuyansa ba ya tako gaba, ya dafa katakon kamar kan ɗansa.

"Ranki ya daɗe, ai wannan tsohon burina ne. Tun a Dubai nake faɗa. 'Yanci, Hajiya, 'yanci. Manhaja ce ta kowa, kowa ubanta ne. Ba ta buƙatar kwangila. Ba ta buƙatar kasafi, ko mota, ko tarin ma'aikata. Mutum ɗaya mai hangen nesa ya isa ya tafiyar da ita, ko a gindin bishiya ne. A buɗe bonet, Hajiya. Abin da nake gaya wa yaran nan kullum ke nan, a buɗe bonet."

Hajiya tana ta rubutu a ɗan littafinta, ba ta bar ko kalma ba. Ta tambaye shi fastar da ta gani a katanga fa? Ya ce wayar da kan jama'a ce. Ta dubi Felicity, Felicity ta duƙa tana naɗe waya. Hajiya ta ce ta gode, ta ji duk abin da take son ji.

Ranar Litinin takarda ta iso. Oga ya karanta layin farko a tsaye: an tabbatar da shi cikakken Darakta, daga ranar. Ya yi hamdala da ƙarfi har ta kai hawa na ɗaya. Ya fizge kalandar ƙofa, ya aika a kira kafinta ya cire haruffan nan biyu, ya buga wa uwargida waya, ya buga wa surukansa, ya buga wa wani abokin karatunsa da suka yi shekara goma ba sa magana. Ya rungume mai shara. Yana cikin raba wa ma'aikata duka lemo, sai sakatariyarsa ta ce, "Sir, akwai shafi na biyu."

Shafi na biyu ya ce hukuma ta kafa sabuwar Cibiyar Buɗaɗɗiyar Manhaja, kuma ba ta ga wanda ya dace ya jagorance ta ba sai wanda ya daɗe da wannan buri. Cibiyar tana Sheda, can bayan Gwagwalada. Ba cikin babbar harabar binciken kimiyya da ke garin ba, can gaba da ita, bayan gonakin doya, a wani ɗaki da hukumarmu ke tara kawunan famfo da suka lalace. Bisa shawarar da Darakta ya bayar da bakinsa a gaban shugaba, ba a ware wa cibiyar kasafi ba, ba mota, ba ma'aikata, tunda mutum ɗaya mai hangen nesa ya isa. Akwai bishiya a ƙofar ɗakin. Sashen Fasahar Zamani kuma Madam Felicity Thaddeus za ta riƙe.

Lemon dai mun sha, don an riga an buɗe.

Yanzu Oga yana can Sheda. Cikakken Darakta ne, ba mai musu, ba kuma wanda zai yi musun ko da ya so, sai awaki. Shi ne shugaba, shi ne mataimaki, shi ke buɗe ƙofa da safe, shi ke sa hannu a littafin zuwa aiki, shi ke duba littafin. Wani manomi da gonarsa ke maƙwabtaka da cibiyar ya ba mu labari cewa ranar Laraba motar haya ta lalace da shi a Gwagwalada, bai iso ba sai goma saura. Da yake mutum ne mai bin doka, yana zama ya duba littafi, ya ga ma'aikacinsa ya makara, ya rubuta masa takardar tuhuma, ya ba shi awa ashirin da huɗu ya kare kansa.

Amsa ta zo a kan lokaci, shafi uku. An ce Darakta bai gamsu da ita ba.